Sinadarin Fulbik: Abin da Mai Talla Ke Faɗa da Abin da Bincike Ya Nuna

Gabatarwa

A cikin kayan ƙarin lafiya da ake tallatawa a intanet da wasu shagunan magani, akwai wani da sunansa ya yi tashe, wato sinadarin fulbik. Ana sayar da shi a matsayin ruwan da ake ɗigawa a kofi, ko gari, ko kafso, ko kuma wani baƙin danƙo mai kama da kwalta da ake kira shilajit. Masu tallarsa suna cewa yana wanke dattin jiki, yana ƙara kuzari, yana kaifafa ƙwaƙwalwa, yana ƙara wa maza ƙarfi, har akwai masu cewa yana jinkirta tsufa. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana mene ne wannan sinadari, da abin da masana suka gano game da shi, da kuma haɗarin da ke tattare da shi.

Mai yiwuwa wani ya ce me ya haɗa ɗalibin harshe da zancen sinadarai? Amsa ita ce, da yawa daga cikinmu aikin fassara ne zai ciyar da mu, kuma takardar talla da bayanin jikin kwalba suna daga cikin ayyukan da aka fi kawo wa mai fassara. Wanda bai san abin da yake fassarawa ba yana iya mayar da "wataƙila" ta koma "tabbas", shi kuma mai karatu ya je ya sha.

Ma'ana da Asali

Idan ganye da saiwa da ciyawa da gawar ƙwari suka daɗe a ƙasa, ƙananan halittu sukan ruɓar da su, su bar wani baƙi-baƙin abu wanda shi ne ke sa ƙasar fadama ta yi duhu ta kuma yi albarka. Tun a shekarar 1786 wani Bajamushe mai suna Franz Karl Achard ya fara tatso wannan abu daga taɓon fadama mai cike da ruɓaɓɓun tsirrai. Dabararsa ce har yau ake bi, da ɗan gyare-gyare. Za a jiƙa ƙasar a cikin ruwan soda mai ƙarfi, dangin ruwan tokar da ake yin sabulun salo da shi. Wani kashi zai ƙi narkewa sam, shi ake kira hiyumin. Sai a tace, a zuba wa ruwan asid har ya yi tsami sosai. Nan ma wani baƙin kashi zai kwanta a ƙasa, shi ne hiyumik. Abin da ya rage a narke, mai launin rawaya-rawaya kamar shayin da bai yi kauri ba, shi ne fulbik. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Sven Odén, shi ya raɗa masa wannan suna a shekarar 1919, daga kalmar Latin fulvus, mai nufin rawaya mai sirkin ja.

A nan ina roƙon mai karatu ya ɗan tsaya, domin duk sauran bayanin a kan wannan gaɓa ya rataya. Fulbik ba abu ɗaya ba ne kamar gishiri ko farasitamol, waɗanda ko ina aka je a duniya ƙirarsu ɗaya ce. Suna ne da aka ba wa taron dubban sinadarai da suka haɗu a sifa ɗaya kawai, wato ba sa kwantawa idan aka zuba musu asid. Saboda haka fulbik ɗin da aka tatso daga taɓon Kanada daban yake da wanda aka samo daga dutsen Himalaya, kuma dukansu daban suke da wanda aka haɗa a masana'anta. Wannan bambanci ne ya sa ƙungiyar masana wannan fanni ta duniya, wadda aka kafa a 1981, take ajiye samfurin da ta tatso daga kogin Suwannee na Amurka, domin masu bincike su riƙa gwada nasu da shi. Bugu da ƙari, a 2015 wasu masana ƙasa biyu, Johannes Lehmann da Markus Kleber, sun buga maƙala a mujallar Nature inda suka nuna cewa wannan rabe-rabe dabarar tatsa ce ta haifar da shi, ba haka abin yake zaune a cikin ƙasa ba. Akwai masanan da suka yi musu raddi. Amma ko ba komai muhawarar ta nuna mana cewa abin da mai talla ke ambata kamar sanannen magani, masana ma suna jayayya a kan iyakarsa.

Shi kuwa shilajit, wani danƙo ne da ke tsattsafowa daga tsagar duwatsu a lokacin zafi, musamman a tsaunukan Himalaya da Altai da Kokesos. Masu maganin gargajiyar Indiya, wato Ayurbeda, sun daɗe suna amfani da shi, a Rasha da Asiya ta Tsakiya kuma ana kiransa mumiyo. Akwai fulbik a cikinsa, amma yawansa ya danganta da inda aka samo shi da yadda aka tace shi, kuma akwai wasu abubuwa masu yawa a ciki ban da fulbik.

Hannun Ƙaguwa

Sifar fulbik da masana suka yi ittifaƙi a kanta ita ce kama ƙarafa. Yana riƙe sinadaran ƙarfe da tagulla da tutiya da makamantansu, ya sa su zauna a narke cikin ruwa. Kalmar da masana kimiyya ke kiran wannan riƙo da ita ta samo asali ne daga wata kalmar Girkanci mai nufin hannun ƙaguwa, kuma a ganina siffantawar ta yi, domin ƙaguwa in ta damƙe abu ba ta tambayar ko mene ne. A gona wannan sifa tana da amfani, tana taimaka wa saiwar shuka ta sami sinadarin ƙarfe, shi ya sa ake saka fulbik a wasu nau'o'in taki.

Daga nan ne masu talla suka gina hujjarsu. Suka ce tun da yana kai wa shuka abinci, to zai kai wa jikin mutum, kuma tun da yana kama ƙarafa, to zai kamo masu guba ya fitar da su daga jini. Zancen yana da daɗin ji. Sai dai hanjin ɗan Adam ba saiwar masara ba ne, kuma hannun da ya kama ƙarfe mai amfani shi ne zai kama dalma da zaiba da arsenik tun yana cikin ƙasa, ya biyo da su har cikin kwalba. Zuma ce da zaƙi da harbi, mai talla kuwa zaƙin kaɗai yake ambata.

Abin da Bincike Ya Nuna

Ba gaskiya ba ne a ce babu bincike ko kaɗan. Akwai, amma wajibi ne a san matakin kowanne. Bincike a kan magani yakan fara ne a kwalbar gwaji, ya wuce kan dabbobi kamar ɓeraye, sannan mutane kaɗan, sannan mutane masu yawa da aka raba gida biyu, aka ba wasu maganin, wasu kuma aka ba su holoƙo ba tare da kowa ya san wanda ya sha ba. Abubuwa da yawa da suka yi abin mamaki a mataki na farko sukan faɗi kafin su kai na ƙarshe. Mafi yawan abin da aka sani game da fulbik yana matakai biyu na farko ne.

Alal misali, zancen gyaran ƙwaƙwalwa. A 2011 wasu masu bincike a ƙasar Chile sun buga sakamakon da ya nuna cewa fulbik yana hana wani furotin mai suna tau cuɗewa da dunƙulewa. Dunƙulewar wannan furotin tana daga cikin alamomin cutar mantuwa ta Alzheimer, don haka sakamakon ya ja hankali. Amma a kwalbar gwaji aka yi shi. Ba a ba wa wani tsoho mai mantuwa ya sha ya tuna sunayen jikokinsa ba. Tsakanin kwalba da ƙwaƙwalwa akwai ciki da hanji da hanta, akwai kuma shingen da ke tace abin da zai shiga ƙwaƙwalwa daga jini. Duk da haka, wannan bincike shi ne ake ta juyawa a tallace-tallace kamar an gama magana.

Na biyu, cutar fata. A Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu an gwada wani fulbik a kan mutum 36 masu fama da ekzima, wato cutar fatar nan mai bushewa da ƙaiƙayi, na tsawon mako huɗu, aka buga sakamakon a 2011. Waɗanda suka yi amfani da shi sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka ba man shafawa zalla. Wannan sakamako ne mai kyau, amma a lura da abu biyu. Shafawa aka yi a fata, ba sha ba. Sannan fulbik ɗin ba daga ƙasa aka tono shi ba, a masana'anta aka haɗa shi daga sinadaran abinci dangin sitaci da sukari, domin a kauce wa ƙarafa masu guba. Wato su kansu masu binciken sun san inda matsalar take.

Na uku shi ne wanda ya fi kasuwa, zancen ƙarfin maza. A 2016 mujallar Andrologia ta buga wani bincike da aka yi a Indiya a kan maza masu shekara 45 zuwa 55. An ba su tataccen shilajit miligiram 250 sau biyu a rana har kwana 90, aka kuma ga sinadarin mazantaka, wato testosteron, ya ƙaru a jininsu fiye da na waɗanda suka sha holoƙo. Mutanen ba su kai ɗari ba, shilajit ɗin kuma samfurin wani kamfani ne mai sayar da shi. Wannan bai sa binciken ya zama ƙarya ba, sai dai yana bukatar wasu da ba su da riba a ciki su maimaita shi a kan jama'a masu yawa. Daɗin daɗawa, shilajit aka gwada, wanda ya ƙunshi abubuwa barkatai, don haka ba za a iya cewa fulbik ne ya yi aikin ba. Kuma ƙaruwar lamba a takardar gwajin jini daban, abin da mai saye ke fata a ransa daban.

A 2018 wasu masana biyu a Kanada, John Winkler da Sanjoy Ghosh, sun tattara binciken da aka yi a kan fulbik da kumburi da ciwon sukari. Abin da ya fi jan hankalina a nazarinsu shi ne saɓanin da suka tarar: a wani gwajin fulbik ya rage kumburi, a wani kuma ya tayar da shi, gwargwadon inda aka samo shi da yawan da aka yi amfani da shi. Wanda ya fahimci cewa fulbik ba abu ɗaya ba ne, wannan ba zai ba shi mamaki ba.

Akwai ma ɓangaren da masu talla ba sa taɓawa ko kusa. A yankin Tibet da wasu sassan ƙasar Sin akwai wata cuta mai suna Kashin-Beck, wadda ke lalata gaɓoɓin yara ta hana su girma yadda ya kamata. Daga cikin dalilan da masana ke zargi akwai ƙarancin sinadarin seleniyom, da gubar funfuna a hatsi, da kuma yawan fulbik a ruwan sha. Zargi ne, ba a yanke hukunci ba, amma ya isa ya nuna cewa masana ba su ɗauke shi abin da ba ya cutarwa ko ta halin ƙaƙa ba. Haka kuma ma'aikatan gidan ruwa ƙoƙari suke su rage shi kafin su zuba kulorin, tun bayan da Johannes Rook ya gano a Rotterdam a 1974 cewa haɗuwar kulorin da irin waɗannan sinadarai tana haifar da kulorofom a ruwan famfo.

Labarin Wani Kamfani a Kanada

Haɗarin ƙarafa ba hasashe ba ne, ya riga ya faru. A lokacin annobar korona wani kamfani mai suna Black Oxygen Organics ya yi kasuwa sosai a Kanada da Amurka. Garin fulbik yake sayarwa da ƙwayoyi, waɗanda aka samo daga wata fadama a lardin Ontario, ana sayar da ƙaramar jaka dala 110. Tsarin kasuwancin irin na jawo-wani-ka-samu ne, don haka kowane mai saye ya zama mai talla. Mutane suka riƙa damawa suna sha, suna shafawa a fuska, suna yi wa jarirai wanka da shi, suna ɗora hotuna a Facebook da TikTok. A watan Satumba na 2021 hukumar lafiya ta Kanada ta sa a janye kayan daga kasuwa. A watan Nuwamba kamfanin ya rufe. A watan Disamba kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a su daina sha, domin an sami dalma da arsenik fiye da kima a ciki. Abin da aka sayar musu don ya fitar da guba, shi ne ya kawo musu ita.

Shilajit ma bai tsira daga wannan damuwa ba, musamman wanda ba a tace ba. Game da magungunan Ayurbeda baki ɗaya, wani likita mai suna Robert Saper da abokan aikinsa sun sayo nau'i 70 a shagunan birnin Boston, suka buga sakamako a 2004 cewa 14 daga ciki suna ɗauke da dalma ko zaiba ko arsenik, wato ɗaya cikin biyar ke nan.

Mu a Nijeriya ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan dalma. A 2010 gubarta ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ita ma daga ƙasa ta fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma da aka sani ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara da masu juna biyu su ne suka fi shiga haɗari. Don haka idan aka ce mini abu "daga ƙasa yake, ba haɗin Bature ba ne", ban ɗauki wannan a matsayin shaidar tsabta ba.

Inda Harshe Ya Shigo

A Amurka, wata doka ta 1994 ta raba magani da ƙarin abinci. Magani sai an gwada shi an amince kafin a sayar. Ƙarin abinci kuwa ba ya bukatar wannan amincewa, amma an hana mai shi cewa yana warkar da cuta. Saboda haka masu rubuta talla suka ƙware a kan kalmomi masu santsi, irin su "yana tallafa wa", "yana iya taimakawa", "an daɗe ana amfani da shi domin". Sannan a ƙasan kwalba, da ƙananan haruffa, su rubuta cewa hukuma ba ta tantance waɗannan kalamai ba. Fulbik a wannan rukuni yake, hukumar Amurka ba ta amince da shi a matsayin maganin wata cuta ba.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba, sai an zo fassara. Kalmar "magani" a Hausa tana da faɗi ƙwarai. Muna cewa maganin zazzaɓi, wato abin da ke kore shi. Muna cewa maganin sauro, wato abin da ke kashe shi. Muna kuma cewa maganin ƙarfi ko maganin farin jini, wato abin da ke kawo su. Kalma ɗaya ta ɗauki korewa da kashewa da jawowa, kuma duk abin da aka zuba a kwalba aka ce a sha cokali ɗaya safe da yamma, Bahaushe magani zai kira shi. Katangar da doka ta gina tsakanin magani da ƙarin abinci, kalmar nan ɗaya tana iya rushe ta. Idan asalin rubutu ya ce abu "yana iya tallafa wa daidaiton sukari a jini", mai fassara ya gajarta ya ce "maganin ciwon sukari", ya faɗi abin da mai kayan ma bai yarda ya faɗa ba don tsoron kotu. Mai ciwon sukari kuma da ya ji haka a rediyo yana iya ajiye ƙwayar da likita ya rubuta masa.

Abin daɗi shi ne Hausa ba ta rasa kayan aikin nuna matakin tabbaci ba. Ga jimla ɗaya a sigogi daban-daban: "yana rage kumburi", "yakan rage kumburi", "yana iya rage kumburi", "ana kyautata zaton yana rage kumburi", "an ce yana rage kumburi", "wai yana rage kumburi". Ta farko hukunci ce. Ta biyu ta nuna sabo, wato abu ne da ake gani a kai a kai. Ta uku ta buɗe ƙofar yiwuwa kawai. Ta huɗu ta jingina zancen ga ra'ayin wasu, ta biyar ta mayar da shi ji-ta-ji-ta, ta shida kuma har da ɗan ƙamshin shakka. Ni da na koyi Hausa a aji, wannan 'yar kalma "wai" tana burge ni, domin harafi uku ne amma tana sauke wa mai magana nauyin zance gaba ɗaya. A kan fulbik da kumburi, siga ta uku ce iyakar abin da bincike ya ba mu izini, ita ma sai an ƙara da cewa a ɗakin gwaje-gwaje aka gani.

Wani abin lura shi ne lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Magungunan gargajiya da dangoginsu sukan sami lambar da ke ƙarewa da harafin L. Ma'anarta an duba kayan ta fuskar rashin cutarwa an sa su a jeri, ba wai an tabbatar suna warkar da abin da aka rubuta ba, shi ya sa ake wajabta rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Mai fassara da ya rubuta "hukuma ta tabbatar da ingancinsa" ya shafa wa labarin shuni. Wanda kuma ya tsallake wannan ɗan layi na ƙasan kwalba don wuri ya yi kaɗan, ya cire jimlar da ta fi kowace muhimmanci ga mai saye. Kayan da aka yi odarsu kai tsaye ta intanet daga waje ma sau da yawa ba su da lambar ko kaɗan.

Da za a kawo mini takardar tallar fulbik a ce in fassara, ga iyakar abin da zan yarda in sa hannu a kai: "Wannan ƙarin abinci ne da aka tatso daga ruɓaɓɓun tsirrai. Ba a tabbatar yana warkar da wata cuta ba. Kada a ba yara, ko masu juna biyu, ko masu shayarwa. Mai ciwon ƙoda da wanda ke shan wani magani su tuntuɓi likita kafin su sha. Kada a daina shan maganin da likita ya rubuta." Kafin haka kuma zan nemi mai kayan ya nuna mini takardar gwajin dalma da arsenik daga ɗakin gwajin da ba nasa ba.